Golan da Bai Tashi Ba

Yaizu, 21 ga Oktoba

Zuwa ga Malama Unno Chinatsu, mai duba zane a shirin katun na ƙwallon ƙafa mai suna Filin Bakin Teku,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin da ya fara saukowa daga tsauni bai same ku da mura ba. Ni tsohon malamin motsa jiki ne, na yi shekara talatin da ɗaya ina horar da yaran sakandare ƙwallo a wannan gari namu na masunta. Na kalli kashi uku na shirinku, kowanne sau biyu, da littafi da biro a hannu. Ba wanda ya tambaye ni, amma zan faɗa.

Filinku ba shi da iyaka. Yaro ya kwashi ƙwallo ya yi ta gudu minti biyu cur yana tunanin mahaifiyarsa, har yanzu bai ga raga ba. Filin da zai ɗauki wannan gudu sai ya taso daga kasuwar kifi ya dangana da tashar jirgin ƙasa. Ɗan gabanku mai jan gashi kuwa, in zai yi harbi, ƙafar da ya dogara a kanta tana bayan ƙwallon da taku guda. Wanda ya buga haka tsuntsaye zai kora. Sannan yara sun buga minti tamanin a filin ƙasa ana ruwa, sun fito da safa fara fat. Duk wanda ya zana wannan bai taɓa wanke safar ɗan ƙwallo ba. A kashi na uku kuma na tsayar da hoton a minti na sha huɗu, na ga fuskar kyaftin ta koma kamar dankalin da aka taka, hannunsa da yatsu shida.

Abu ɗaya kuka yi daidai. Yaran suna rusuna wa fili kafin su shiga, suna rusuna masa in sun fito. Ban yi zaton mutanen Tokyo sun san wannan ba.

Ƙanwata ce ta ga sunanki cikin sunayen da ke wucewa a ƙarshen shirin, ta dame ni sai na kalla. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A huta lafiya.

Unno Sadao, tsohon koci.

*

Tokyo, 27 ga Oktoba

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da Gwaggo Fumie. Wasiƙarka ta faɗa cikin tarin wasiƙun masu kallo, aka buɗe ta aka karanta a gaban kowa. Darakta ya yi dariya har ya ƙware da shayi, ya ce, “Wannan dattijo mu ɗauke shi aiki mana. Malama Unno, sunanku ɗaya fa, ko danginki ne?” Na ce masa masu wannan suna sun yi yawa a jiharmu. Shekara shida rabon mu da magana, tun jana'izar Mama, kuma kalmar da ka fara ce mini ita ce Malama. Ban yi mamaki ba. Yaya Naoya ma shekara uku yana ƙungiyarka kana kiran sa da lambar rigarsa.

Ka daina tsayar da hoton, Baba. Wannan ba faifan wasan abokan hamayya ba ne. A kowace daƙiƙa zane takwas ko sha biyu ne ke wucewa, kuma na tsakiya da gangan ake lanƙwasa su don ido ya ga sauri. Ba a yi su don a tsaya a ƙura musu ido ba. Kai ma in aka ɗauke ka hoto kana tsakiyar atishawa ba za ka so a rataye shi a falo ba. Yatsa na shida dai kuskure ne, ni ce ya wuce ta hannuna, za mu gyara a faifai. Haka aikinmu yake: abin da ya fita a talabijin a gurguje yake fita, daga baya a zauna a gyara kafin a buga faifan da ake sayarwa. Kullum a nan za ka ji ana cewa, bar shi, ma gyara a faifai.

Maganar safa kuma, ka tambayi kanka wa ya riƙa wanke safar Yaya tun Mama ta fara ciwon baya. Na san yadda jar ƙasar filinku take kama auduga. Zana laka a ƙafar yara ashirin da biyu, a takarda dubu huɗu, shi ne abin da ba mu da hannun yi.

Ƙafar ɗan gaba ka yi gaskiya. Na duba, na ji haushi, na sa an sake zana ta daga kashi na shida. In ka ga wani abu ka rubuto, amma ga adireshin gidana a bayan ambulan. Kada ka ƙara aikowa ofis.

'Yarka,
Chinatsu

*

Yaizu, 18 ga Nuwamba

Zuwa ga Malama Unno,

Bayan gaisuwa, da fatan aiki yana tafiya. A nan lemon tsaunin bayan gidanmu ya nuna, Fumie ta ce a aiko miki da kwali ɗaya, shi ne wannan. Ni ban ce a aiko ba, amma ni na ɗaure kwalin, don ita ɗaurinta ba ya kai tasha.

Na ga ƙafar ɗan gaba a kashi na shida. Yanzu ya yi kama da wanda zai ci ƙwallo. Ga sauran abubuwa a takardar da na haɗa, shafi huɗu. Mafi muni a ciki shi ne 'yan bayanku, duk su huɗun ƙwallo suke kallo, ba mai kallon mutum. Da ni ne kocin abokan wasansu, da na zura musu bakwai kafin hutun rabin lokaci. Shi kuma kocinku yana yawan magana. Koci mai jawabi irin wannan a tsakiyar wasa, yaransa barci suke yi a tsaye.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Golanku, mai lamba ɗaya. Tun kashi na biyu na ga wani abu na ce idona ne. A kashi na bakwai na tsayar da hoton, ko da kin hana, na duba da kyau. Kafin a busa usur yana zuwa turken raga na hagu ya buga shi sau biyu da bayan safar hannu, sannan ya ja kunnensa na dama. Na yi shekara talatin da ɗaya a bakin fili, gola nawa suka wuce ta hannuna, mutum ɗaya ne kawai yake yin haka. Ko yadda yake tsayawa, kafaɗar hagu ta ɗan sauka, nasa ne.

Wa ya ba ki izini? Yaron nan yana ƙarƙashin teku shekara goma sha huɗu, ko ƙashinsa ba mu samu mun sa a kabari ba. Ki ɗauko shi ki sa a katun, tsakanin tallar taliya da tallar sabulu, yara suna kallo suna cin gyaɗa. Ban ce ki cire shi ba, na san bakin alƙalami ya bushe. Tambaya nake yi.

Lemon ki fara cin na ƙasa, su suke fara lalacewa. A huta lafiya.

Unno Sadao

*

Tokyo, 25 ga Nuwamba

Baba,

Ina gaisuwa. Lemo ya iso, na gode wa Gwaggo, na gode wa mai ɗauri.

Ba wanda ya ba ni izini, kuma ban nema ba. Labarin ba nawa ba ne, wasu suka rubuta shi, ni zane aka ba ni. Ranar da aka ce in fitar da kamannin gola, hannuna ya zana Yaya kafin in yi shawara da shi. Na yi niyyar gogewa, ban iya ba. Hotunansa da ke gida duk a tsaye yake ƙiƙam cikin layi. Ni kuwa yana motsi nake son in gan shi, kuma wannan ne kaɗai aikin da na iya.

Tunda ka yi tambaya, ni ma ina da tawa, shekara goma sha bakwai tana bakina. Wasan ƙarshe na jiha, saura minti biyu, ƙwallon da ba ta da ƙarfi ta zame ta ƙarƙashin hannunsa. Aka busa tashi, ya kwanta ruf da ciki a gaban raga. Ƙungiyoyi biyu sun jeru a tsakiyar fili don su rusuna wa juna, ana jiran mutum ɗaya. Ina saman benci da Mama, shekarata goma sha huɗu, na ji muryarka ta ratsa filin nan gaba ɗaya: “Lamba ɗaya, tashi! Ana jiran ka a layi!”

Daga baya na sauko na laɓe a ƙofar ɗakin canja kaya. Na san al'adarka, duk shekara in an fitar da ku daga gasa kana bin 'yan ajin ƙarshe ɗaya bayan ɗaya, ka dafa kan kowa, ka kira sunansa, ka gaya masa abin da ya yi maka a shekara uku. Na ƙirga, su goma sha ɗaya ne a wannan shekarar. Ka yi wa goma. Da ka iso kansa sai ka wuce, ka ce a kwashe kaya mota tana jira. Mama ta ce mini kada in damu, kunya ce ta uba, ba ka son a ce ka fifita ɗanka, a gida za ka yi masa tasa. A gida muka ci shinkafa da miyar waken suya, ba ka yi masa tasa ba. Washegari ma haka. Da bazara ta zo ya ƙi jami'ar da ta kira shi, ya shiga jirgin masu kamun kifi a teku mai nisa, ya bar safar hannunsa a kan rumbun takalma.

Ban ce kai ka tura shi cikin ruwa ba, igiyar ruwa ce ta ɗauke shi daga kan jirgi. Amma har gobe ina jin haushinka, kuma gara in faɗa maka da in ci gaba da gaya wa takarda. Me za ka ce masa a gidan? Ka taɓa shirya maganar ma kuwa?

A kashi na sha ɗaya za a ci golanmu a minti na ƙarshe. Na roƙi darakta ya bar mini wurin, ni kaɗai zan zana shi, daga faɗuwarsa har tashinsa. Nawa golan zai tashi da kansa, ba sai an daka masa tsawa ba. Ka kalla.

Shafukanka huɗu suna manne a bangon teburina. Mun bi fiye da rabi, masu zane suna ta tsine wa “dattijon Yaizu”.

Chinatsu

*

Yaizu, 17 ga Disamba

Zuwa ga 'yata Chinatsu,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina cin abinci mai zafi, ba wannan taliyar kofi da kuke rayuwa a kanta ba. Ni ce Gwaggonki Fumie. Na kira wayarki sau biyar ba ki ɗauka ba, na ce to bari in bi hanyar babanki, tunda ku mutanen gidan nan sai da tambarin gidan waya kuke jin magana.

Ban san abin da kika rubuta masa ba. Ya karanta a tsaye a bakin ƙofa, ya ninke ya sa a aljihun rigar sanyi, tun ranar kuma bai ƙara aiko ni sayen ambulan ba. Ba shiga tsakaninku zan yi ba, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan naku iri ɗaya ne.

Abin da ya hana ni in gaya miki shi zan gaya miki. Babanki ba shi da lafiya. Tun watan Yuli likita ya ga abu a hantarsa, aka ce a yi aiki, ya ce shi ba mota ba ne da za a buɗe masa ciki. Ya rame, wandonsa har na ƙara masa huda biyu a bel. Shinkafa rabin kwano yake ci. Na ce masa, “Yaya, ka bari in gaya wa yarinyar nan.” Ya ce, “Tana tsakiyar gasa. Ba a kiran ɗan wasa daga fili don a gaya masa gida ba lafiya.” Na ce, “Gasar me? Katun ne fa.” Ya harare ni kamar na zagi sarki.

Ranar Asabar da yamma mun kalli shirinku tare, kamar kullum, shi da littafinsa, ni da saƙata. Ni dai ban san kan ƙwallo ba, amma na ga an ci yaron nan mai tsaron gida, ya kwanta, sai hoton ya tsaya cak. Na ce, “Yaya, ka sake danna abin nan ko?” Ya nuna mini hannunsa, ba komai a ciki. Da aka gama bai rubuta ko layi ɗaya ba. Tun ranar kuwa, kullum bayan abincin rana sai ya kunna wurin a na'urar da yake ɗaukar shirin, ya zauna dab da talabijin. Daga kicin ina jin yana magana ƙasa-ƙasa. Da can in yana yi wa shirinku faɗa har maƙwabta suna ji, wannan kuwa ban san me yake cewa ba.

Ki zo sabuwar shekara, Chinatsu. Awa ɗaya da 'yan mintuna ne a jirgin ƙasa mai sauri. Zan daka wainar shinkafa, in yi miki miyar da kike so. Don Allah ki zo.

Gwaggonki,
Fumie

*

Tokyo, 22 ga Disamba

Zuwa ga Gwaggo,

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma neman afuwar rashin ɗaukar waya. Na kashe ta ne tun ranar Asabar ɗin, don duk wanda ya kira maganar kashi na sha ɗaya zai yi mini.

Ba Baba ya danna komai ba, Gwaggo, mu ne muka kasa. Aiki ya rushe mana a makon ƙarshe. Na ɓata kwanakina ina gyara ƙafafu da idanun 'yan baya a zanen mutane, ina cewa nawa wurin yana hannuna, zan yi shi a ƙarshe. Da ƙarshen ya zo saura awa shida a kai shirin gidan talabijin, ni kuwa zane ɗaya tak na gama, golan yana kwance. Darakta ya ce, “Sa shi haka, mu riƙe shi, mu sa ƙarar iska a baya. Ma gyara a faifai.” Daƙiƙa goma sha tara hoto ɗaya yana tsaye. Masu kallo sun yi mana ca, wani ya rubuta cewa ya tashi ya bubbuga talabijin ɗinsa, wani ya ce masu zanen sun tafi cin abinci. Duk wannan bai dame ni ba kamar abu ɗaya. Na yi wa Baba baki, na ce nawa golan zai tashi da kansa, ka kalla. Ya kalla, ga Yaya nan kwance, ban iya tayar da shi ba. Shirun da ya yi na fahimce shi, abin ya wuce gyara da biro ne.

Maganar ciwonsa kuwa, tun da na karanta ban iya cin abin kirki ba. Amma ki fahimce ni, ba zan iya shiga gidan nan hannu rabbana ba, in zauna gabansa da wannan abin kunya a tsakaninmu. An ba ni zuwa ƙarshen Fabrairu in gyara wurin. Zane ɗari da hamsin da biyu ne: ya dafa ƙasa, ya ɗago kai, ya share fuska, ya miƙe, ya taka zuwa layi da ƙafarsa. Ba zan ba kowa ko takarda ɗaya ba. Ranar da na gama zan karɓi kwafin farko in hau jirgi, in sa masa da hannuna, in ce ga shi, tsayar da duk inda kake so.

Wata biyu ne kawai. Baba ƙarfe ne, mutumin da ya yi shekara talatin yana tsayuwa a ruwan sama ba lema. Ki lallaɓa shi ya ci abinci. Kada ki ce masa kin gaya mini.

Ki gaishe da shi, in kin ga fuskar karɓar gaisuwa.

'Yarki,
Chinatsu

*

Yaizu, 9 ga Maris

'Yata Chinatsu,

Ina gaisuwa, da fatan kin koma lafiya. Ya ƙarin haƙuri. Kwana ukun da kika yi a nan ba mu samu zama ba, baƙi sun yi yawa. Kin ga tsofaffin yaransa da suka cika haikali, wasu da furfura, suka jeru suka rusuna wa akwatin gawarsa gaba ɗaya kamar a fili. Na ga kin fita waje a lokacin, ban bi ki ba.

Kada ki zargi kanki a kan jirgin da ba ki hau da wuri ba. Likita da kansa ya ce yana zaton za a kai bazara. Ranar sha bakwai ga Fabrairu da safe ya sha shayi, ya tambaye ni ko itacen bayan gidanmu ya yi fure, kafin azahar ya tafi. Ko da kin taso da kiran farko ba za ki same shi ba.

Jiya ina kwashe kayansa na ga wannan wasiƙa a cikin littafin da yake rubuta kurakuranku. Ya sa a ambulan, ya rubuta adireshinki, har ya manna tambari. Kwanan watan da ya rubuta a bayan ambulan na jajibirin sabuwar shekara ne. Akwatin gidan waya yana bakin layinmu, taku hamsin, kuma a lokacin yana iya takawa. Ban buɗe ba.

Addu'ar kwana arba'in da tara ta kama shida ga Afrilu. Ki gaya mini in za ki samu zuwa.

Gwaggonki,
Fumie

*

Yaizu, 31 ga Disamba

Chinatsu,

Bayan gaisuwa. Fumie tana kicin tana daka, ta ce ba za ki samu zuwa ba, aiki ya riƙe ki. Na ce mata haka ya kamata, ba a barin fili sai an busa.

Na kalli kashi na sha ɗaya. Na san halinku yanzu, na san za ki ce a gyara a faifai. Shi ya sa nake rubutowa. Kada ki taɓa wurin nan. Cikin kashi goma sha biyu da kuka yi, da gudunku marar iyaka da kocinku mai surutu, wannan ne kaɗai wurin da ba ni da gyara a kansa. Yaron da aka ci irin wannan ci ba ya dafa ƙasa, ba ya share fuska. Ba ya motsi ko kaɗan. Filin ma tsayawa yake yi, ba ka jin komai sai iska. Na sani don ina wurin. Wanda ya ce miki kuskure ne, bai taɓa tsayawa a bakin fili yana kallon bayan ɗansa ba.

Kin tambaye ni ko na shirya maganar. Na shirya ta tun muna fitowa daga fili. Ban faɗa a ɗakin canja kaya ba don iyayen yara goma suna bakin ƙofa, kuma shekara uku ana raɗe-raɗin don ɗana ne na ba shi raga. Na ce in mun je gida. A gida na ga idonsa ya kumbura, na ce bari ya huce, gobe. Gobe ta yi na ce bayan jarrabawa. Da ya shiga jirgi na ce in ya dawo hutu. Ya dawo sau biyu, muka yi hirar farashin kifi. Ban taɓa fasa faɗa masa ba, Chinatsu, kullum ɗagawa nake yi.

A ranar wasan daƙiƙa nawa ya yi a kwance ban sani ba, ban bar shi ya kai goma ba. Tsawar da na yi masa, ba don layi ba ne. Na ji in ya ƙara daƙiƙa ɗaya a ƙasa zan ruga in ɗauke shi a gaban mutum dubu goma, shi ya sa na yi ihu. Ke kin bar shi ya kwanta goma sha tara. Na auna da agogon wasa. Wannan ne karo na farko da ban danna komai ba hoton ya tsaya ya jira ni. Na gwada, maganar tana shiga cif, har da ragowar numfashi ɗaya. Ga ta, tunda kin tambaya:

“Naoya. Wasa arba'in da ɗaya ka tsare mini raga, sha tara ba a ci ka ba. Ba kai ka fitar da mu ba, kai ka kawo mu nan. Ban taɓa samun gola kamarka ba, kuma ba don kai ɗana ba ne. Kwanta ka huta. In ka gama, mu je gida.”

Kullum bayan abincin rana ina gaya masa. Fumie tana zaton na fara ruɗewa.

Na yi miki faɗa a kan izini, na janye. Kafaɗar nan tasa da kika tuna, ni har na fara mantawa. Zanenki yana da kyau, 'yata. Wannan ma tun kina aji uku na firamare nake riƙe da shi, ranar da kika zana ni da usur a baki a bayan takardar jarrabawa.

Ba na jin daɗin jikina kwanan nan. In kin samu sarari ki zo, ko ba faifai. Zan aika wannan bayan hutun sabuwar shekara, yanzu gidan waya ya cika da katunan gaisuwa.

Babanki

*

Tokyo, 12 ga Maris

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Saƙo ya iso, na karanta.

Na je wurin darakta da wasiƙar Baba a hannu, in roƙe shi a bar wurin yadda yake. Ya ce an riga an buga faifan tun makon jiya, kuma kamfani ya sauya kashin a duk inda ake kallon sa. Golan yana tashi yanzu, cikin zane ɗari da hamsin da biyu, kowa yana yabawa.

Don Allah kada ki bari kowa ya taɓa na'urar Baba, a cikinta kaɗai golan yake kwance har yanzu. Kada a cire ta daga wuta, kada a goge komai, matashin da yake zama a kai ma ki bar shi inda yake. Ba zan jira shida ga Afrilu ba. Akwai aiki a teburina, na bar shi a buɗe. Gobe zan taso da jirgin safe, in iso kafin abincin rana.

Daƙiƙa goma sha tara ce. Ni ma ina da abin da zan ce.

'Yarki,
Chinatsu